Kek Ɗin da Muntaka Bai Ci Ba

"Ɗanɗana mana, rabin raina... yau bai ƙone ba!"

Rufaida ta miƙa masa farantin a zauren gidansu, fuskarta cike da murmushi. Muntaka ko kallon farantin bai yi ba.

Wata huɗu ke nan tana fama da ƙananan kek ɗin nan. Shi ke kawo mata fulawa da bota daga Kano zuwa Tsanyawa a bas ɗin da yake ja, shi ke kuma cinye duk wanda ya lalace, mai baƙin gindi da mai ɗanyen ciki, yana rantsuwa ya fi na kanti daɗi. Sai yau ta gano kan abin. Ta ƙara yashi a gindin tukunya, ta rage garwashin ƙasa ta ɗora bisa murfi, ta daina buga ƙullun har ya yi danƙo. Suka taso a gwangwanayen madara, jawur, da laushi kamar auduga.

"Inna ta hana ni cin abin hannunki," ya faɗa a hankali.



"Me na yi mata?"

"Huseina ta ce ta gan ki kina barbaɗa wani farin gari a ƙullu, bakinki na motsi..."

Huseina 'yar kawunsa ce. Tun da Rufaida ta fara yin kek ɗin take yawan shigowa gidansu, wai ita ma koyo take.

"Bekin hoda ce, Muntaka, garin da ke sa kek ya tashi! Kai ka sayo min! Bisimilla nake yi!"

"Na sani. Na faɗa wa Inna. Ta ce kare ki da nake yi ma aikin asirin ne."

"Kai kuma ka ce me?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ta ce in na sake tako gidan nan, ba ta yafe min ba... Ki yi haƙuri, Rufaida."

Ya fita. Tana tsaye da farantin har ta daina jin ƙarar motarsa.

Babanta ya je da kansa ya yi bayani, Inna ta bar shi tsaye a ƙofa. Maganar ta zaga gari, mata suka hana yaransu sayen kek ɗinta. Bayan an yanke gero aka ɗaura auren Muntaka da Huseina.

Rufaida ta koma kai tallanta kasuwar Bagwai, inda ba a san labarin ba. Kafin azahar tire ke ƙarewa.

Wata ranar kasuwa ta ɗago ido ta gan shi a gabanta, ya rame, ya yi duhu.

"Rufaida... Huseina ta faɗi gaskiya da bakinta, ƙarya ta yi miki. Inna tana neman gafararki."

Ta ja mayafinta.

"Na yafe mata. Malam, ɗan matsa, akwai mai saye a bayanka."