Kwalabe Uku a Ƙarƙashin Gadon Marainiya

Ruwa ake tsugawa a garin Annandale, kusa da Washington, ranar da Hajiya Radiyya ta watso wa Mubaraka kayanta a ƙofar gida. Marainiya ce, shekara huɗu ke nan tana gidan Kawunta Sanusi, mijin Hajiyar, ita ce girki, ita ce wanke-wanke, ga karatun jinya. Laifinta kuwa kwalaben giya uku da aka zaro a ƙarƙashin gadonta.

"Kawu, wallahi ko warinta ba na so," ta ce, hawaye na bin kumatunta. "Na Yaya Bashar ne..."

Kafin ta rufe baki Hajiya ta ɗauke ta da mari. Kawu ya juya mata baya ya ce ta tafi, ya gama da ita.

Gaskiya yarinyar ta faɗa. Bashar, tilon ɗan gidan, abokan jami'a ne suka hure masa kunne cewa giya ke cire kunya. "Kurɓa biyu ne fa, Mubaraka," ya taɓa ce mata. "Sai bakina ya buɗe, ko gaban wa zan yi magana." Da intabiyun neman aiki ya fara. A hankali ko waya zai amsa sai ya kurɓa, don ya sa wa ransa in babu ita shi ba kowa ba ne. Uwarsa ta tsinci kwalaben a ɗakinsa, kuma don muguntarta ta lallaɓa ta mayar da su ɗakin marainiya.

Labari ya zaga. A masallacin Juma'a mata suka riƙa janye jiki daga sahunta, wanda ke neman aurenta ya daina ɗaga waya. Wata bakwai tana kwana a kujerar Debbie, abokiyar karatunta. Ba ta sake kare kanta a gaban kowa ba, amma duk sujuda sai ta ce, "Ya Allah, ban yafe ba... Ka tona su da bakinsu."

Ana nan Bashar ya nemi auren 'yar wani likita a Washington. Likitan ya ce a kawo yaron ya gaishe shi. Ranar Asabar da la'asar Kawu ya ɗauki dattawa biyu suka raka shi. Tsoro ya kama Bashar, ya laɓe bayan mota ya nemi maganin kunyarsa, ya wuce kurɓa biyu nesa ba kusa ba. Da ya zo durƙusawa gaban suruki sai ya kife, hula ta yi gefe, wari ya cika falon. Bakin kuwa ya buɗe sosai.

"Baba, kar ka damu," ya ce yana dariya. "Momi za ta gyara. Ai ita ta kai kwalabena ɗakin Mubaraka, kowa ya yarda."

Likita ya buɗe musu ƙofa da kansa, ya nuna musu hanyar fita. Kafin magariba dattawan nan sun sanar da duk wanda ya taɓa zagin yarinyar.

Washegari Kawu ya zo gidan Debbie, Hajiya na bayansa ta rufe fuska da mayafi. Dattijon ya fashe da kuka, ya roƙe ta ta yafe musu ta dawo gida.

Mubaraka ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba.

"Kawu, kai na yafe maka, saboda mahaifiyata," ta ce. Sannan ta ɗago ta dubi Hajiya, idonta a bushe. "Ke kuwa Anti, sai mun tsaya gaban Allah."