Macen Ƙyaure

Da hantsi manajan wani otal a tsohon garin Zanzibar ya kira Insifekta Pandu Vuai. An sace rabin ƙofar da masu yawon buɗe ido ke layi don ɗaukar hoto a gabanta.

Ƙofar mai ƙyaure biyu ce, an sassaƙe ta da furanni da sarƙa. A garin nan na dama shi ne namiji, na hagu mace. Macen aka ɗauke. Manaja ya lulluɓe wurin da tamfol tun asuba, gudun idon baƙi.

Pandu ya duƙa. Ba a fasa komai ba, har mai aka ɗiga wa ƙarafan da ke riƙe da ita kafin a zare su. Ɓarawo mai tausayi, wannan sabon salo ne.

"Akwai aikin da za a yi mata?"

"Haba Yallaɓai! Kayan tarihi? Wa zai taɓa?"

Pandu ya tura wani buhu da ƙafa, samfefa da gwangwanin fenti suka zubo.

"Ɗan gogewa ne kawai," in ji manaja, yana share gumi. "Akwai wata dauɗar hannu a jikinta, baƙi suna ƙorafi."

A bakin lungu, Kombo mai tura kura ya rantse bai fita ba tun jiya, alhali tayoyin kurarsa jiƙe suke.

"To kurar ce ta tafi sallar asuba ita kaɗai?"

Kombo ya sunkuyar da kai, ya saci kallon dakalin mai gahawa.

Can Baba Faki yake zaune, tsohon ɗan jagoran baƙi. Otal ɗin gidansa ne kafin 'ya'yansa su sayar, bayan rasuwar matarsa Mwatima. Pandu ya gaishe shi a ladabce, domin a gidan ya sha cin abinci yana ƙarami.

"Baba, an saci ƙofarku."

"Na ji, ɗana. Wane mara imani ne zai ɗauki mace ya bar namiji?"

 Pandu ya so a ce bai ji ba.

"Baba, tamfol ne a wurin. Wa ya gaya maka macen ce?"

Tsohon ya ajiye kofinsa a hankali.

A ɗakinsa na haya suka sami macen ƙyauren, kwance a kan gado an rufa mata zane, tabarmarsa kuma a ƙasa. Ya nuna wani gurbi da ya yi sumul ya yi duhu.

"Nan Mwatima take dafawa kullum in za ta shiga. Ba ni da hotonta, Pandu, ba ta yarda a ɗauka. Wannan suke kira dauɗa."

Pandu ya kasa ciro ankwa. Hannunsa ya miƙa, tsohon ya kama ya miƙe.

A bakin ƙofa Baba Faki ya waiwaya.

"Ku mayar wa mijinta da ita kafin magariba. Na san yadda kwana babu ita yake."