Sikelin Tsinke

Duk wanda ya san gidan motsa jikin nan na bayan tasha ya san Tsinke. Ɗan damben zamani ne, irin masu sa safar hannu su shiga tsakanin igiyoyi. Hannu kam yana da shi, jiki ne Allah bai ba shi ba. A ajin marasa nauyi yake, su ne ake fara sakawa su yi ta dukan juna tun kujeru ba su cika ba, masu sayar da ruwa kawai ke kallo. Ko ya ci, ladan bai kai kuɗin ɗinkin girarsa ba. Sai manya sun fito, masu wuya kamar na bijimi, sannan fitilu su haska, a ɗaura musu bel mai ƙyalli.

"Koci, ka kai ni ajin gaba mana," in ji shi kullum.

"Da wane naman?" Kocin ya ce. "Iska ma in ta taso sai mun riƙe ka."

Ya ci ƙwai, ya sha madara, ya ɗaga ƙarfe har ya gaji, allurar sikeli ko gezau. Takaici ya ishe shi. Ranar da alƙalai suka ba wani maki bayan shi ya yi duka, bai ko koma gida ba, ya nufi bayan tsohuwar mayanka, wurin bokan da ake raɗe-raɗinsa.

Rana tsaka ce, amma ɗakin duhu. Ƙasa a jiƙe, ba a san da me ba. Ƙugiyoyin rataye nama suna lilo daga rufi ba tare da iska ba, kowacce da tsumman rigar wani a jiki. Ƙudaje sun yi shiru a bango. Bokan yana zaune a ƙasa, ƙaramin mutum, hannuwansa manya.

"Bel nake so," in ji Tsinke. "Na kowane aji, har na manya."

"Nama ba ya faɗowa daga sama, ɗan dambe. Wanda za a ɗora maka, wani wuri za a yanko."

"A yanko. Ina ruwana?"

"Ba ka tambayi ko ina ba."

"Malam, na gaji da tambaya. Nawa zan biya?"

Bokan ya yi dariya ba sauti. Ya jawo wani sikeli na tsayawa, duk tsatsa, ya shafe shi da kitse, ya sa Tsinke ya tofa yawu a kan gilashinsa.

"Ka kai gida. Duk sanda za ka hau aji, ka sa wani da kuke ci a tukunya ɗaya ya taka. Da wasa ma ya isa. Kai dai kada ƙafarka ta taɓa shi."

Wa zai ƙi hawa sikeli a gidan ɗan dambe? Yayansa ne ya fara, ƙaton direba mai tumbi. "Ƙane, in ya fashe ba ni biya," ya ce, kowa yana dariya. Kafin wasa ya zo, kafaɗun Tsinke sun buɗe. Ya shiga ajin matsakaita, ya shimfiɗe zakaransu a turmi na biyu. Bel ya shigo gida, mota ta biyo baya, aka bar ɗakin haya aka koma gidan bene.

Yaya kuwa wandonsa ya fara zamewa. Asibiti suka duba suka ce ba su ga komai ba. Yana ci kamar gara, yana ƙarewa. Da ya rasu, masu ɗaukar gawa sai da suka leƙa su tabbatar akwai mutum a cikin makarar.

Kada wani ya ce mini Tsinke bai gane ba. Ya gane sarai. Ya yi kuka ranar, har da majina, na gani da idona. Amma wata bai ƙare ba aka fara maganar aji na gaba.

"Inna, zo mu ga ko maganin nan yana karɓar ki," ya ce wa mahaifiyarsa.

"Kai dai da wasan banza," ta ce, ta dafa kafaɗarsa ta hau.

Ya ci bel na biyu. Tsohuwa ta rame har zobe yana faɗowa daga yatsanta. Ta riƙa bin sa da ido tana cewa, "Wannan damtsen nawa ne. Ba ni abina." Aka ce rikicin tsufa ne. Ita ma ta tafi.

Saura ajin manya, wanda tun farko shi ne ciwonsa. A gidan kuma saura matarsa, tela ce mai shiru, da 'yarsu ƙarama. Tela ba ta bukatar sikeli kafin ta san jiki ya ragu. Ita ta yi ta rage wa mamatan kayansu, ita kuma ta yi ta ƙara wa mijinta, kuma ta lura abin da ta cire can shi take ƙarawa nan.

"Hau mana, maman yarinya," in ji Tsinke.

"Hau da kanka."

"Ke wai me ke damun ki? Wa kike ganin ya kawo ki gidan bene?"

"Na san wa ya kawo ni. Suna kwance su biyu."

Washegari da hantsi ta fito daga wanka ta tarar ya ajiye sikelin tsakar falo, ya tsuguna da alewa a hannu.

"Zo, 'yar Baba. Taka nan mu ga girmanki."

Yarinya ta ɗaga ƙafa. Uwar ta fizge ta da hannu ɗaya, ta kai masa mari da ɗayan. To, ɗan dambe ai ba ya tunani in hannu ya taho. Shekaru koci yana masa ihu, "Ja baya! Ja baya!" Jikinsa ya ja baya da kansa, tsaf, yadda aka koya masa. Diddigensa ya sauka a kan sikelin.

Allura ta juya har ƙarshe, gilashin ya tsage.

Naman ya zube daga jikinsa cikin 'yan kwanaki, kamar ana kwashewa da cokali. Amma nauyin bai tafi ba. Ya koma ƙashi da fata, ya fi da can zama tsinke, duk da haka gado ya karye a ƙarƙashinsa. Koci ya zo da ƙarti daga gidan motsa jiki, suka kasa ɗaga shi daga ƙasa. Yana kwance yana roƙo, "Yaya, sauka. Inna, don Allah ki sauka." Aka je bayan mayanka neman boka, aka tarar da ƙugiyoyi kawai, ɗaya da tsumman tsohuwar rigar atisayen Tsinke.

Bel ɗin manya wani ya ci, ko sunan Tsinke ba a ambata ba. Bene da mota suka tafi wajen masu magani. Da ya mutu, jan sa aka yi a kan katako.

Matar tana nan da rai, sai dai kan ya taɓu. Yarinyar ta yi girma, ƙafafunta suna jan ƙasa, amma har yau a goye uwar take yawo da ita, ba ta yarda ta taka komai.

Ku masu ganin jikin da Allah ya ba ku ya yi muku kaɗan, ku kiyaye. Duk wanda ya ce zai ƙara muku, ku tambaye shi a jikin wa zai yanko, domin na gidanku ne mafi kusa da wuƙarsa.