Gefen Allon Haula

Tun bayan isha'i Haula ke fama da sabon allon kwamfuta a shagonta na Gashuwa. Hoton bikin da take gyarawa ya matse a tsakiya, gefe da gefe baƙi ƙirin. Ta zare wayar allon, ta hure bakinta, ta mayar.

"Bar shi haka, 'yata," in ji wani tsoho a bayanta, yana warin lakar kogi. "Gefen nan da masu shi."

"Baba, duk faɗinsa na saya."

Ta canza awon faɗin allon, hoton ya buɗe har gefe da gefe. Sai ga tsohon a ciki, kusa da amarya, rigarsa na ɗigar ruwa.

Nan ta tuna cewa da hannunta ta sa wa ƙofar shagon sakata.

"To, sai ku matsa," ta ce, ba ta waiwaya ba.