Yardar da Zulkifilu Ya Ɗebo Daga Gida

Albasar Zulkifilu ba ta da na biyu a Aliero, amma dillalai ke cin guminsa. Ya gwada sayarwa ta waya, abin ya ƙi. In ya tura hoto, mutumin Legas ya ce sai ya ga kaya zai biya. Shi kuma yaya zai ɗora wa mota buhuna don wanda bai taɓa gani ba? Albasa ta yi ta ruɓewa a rumfa.

Maimakon haƙuri, sai gogan naka ya nufi wani boka a dajin Andarai. Bukka ce cikin kogon kuka, ƙasa ta yi baƙi da tsohon jini, ga ƙahonni rataye da jan ƙyalle.

"Mi kaka so?" in ji bokan.

"Baƙi su yarda da ni, ko ba su gan ni ba."

"Yarda ba a ƙera ta, ɗebo ta akai daga wani wuri. Kawo ruwan randar gidanka."

"Ruwa kaɗai?"

"Kaɗai."

Kaico, bai tambayi inda za a ɗebo yardar ba. Boka ya yanka baƙin zakara cikin ruwan, ya shafe wayar da shi.

Kafin kaka ta zagayo, mutanen da ba su san fuskarsa ba suna biya tun kaya na gona. Ya sayi motoci, ya gina bene. Amma a gida, ko cewa ya yi rana ta fito, sai matarsa Ramatu ta leƙa waje.

Wata ranar kasuwar Jega yana lodi, sai ya tsaya cak. Ya tuna maganin ƙwarin da ya juye a gorar zoɓo, ya bari a tsakar gida inda ɗiyarsa Ihsan ke wasa. Ya kira Ramatu.

"Don Allah ki ɗauke gorar ga, guba ce! Kada Ihsan ta sha!"

"Ƙarya kaka yi, Maigida," ta ce, ta kashe.

Ya sake kira, yana rantsuwa yana kuka, tana dariya. Ya iso ya tarar an lulluɓe ɗiyarsa. Ramatu ta zauce, har yau tana goye da zanen yarinyar.

Ku ji tsoron Allah, ku masu gaggawar arziki! Yanzu Zulkifilu na zaune ƙofar benensa, yana roƙon 'yan'uwansa kada su je Andarai. Sai su dubi benen, su ce hassada ce, su kama hanya.