Inda Baba Ya Buga Sanda

"Surayya, har yaushe za ni yi ta jira?"

Ban ɗago kaina ba. Muna zaune a dakalin ƙofar gidanmu a Wurno bayan la'asar, iska tana kawo ƙamshin tafarnuwar da maƙwabta suka shanya. Sai murɗa bakin hijabina nake yi kamar shi ya yi mini laifi.

"Yaya Musaddiƙ, ka ƙara haƙuri..."

"Haƙuri! Kawunnaina sun taso tun daga Goronyo, kinka ce a dakata. Sunka sake shiri, kinka ce a dakata. Jiya Inna tac ce in dai ba ki so, in hwaɗa mata gaskiya ta bar shan kunya cikin dangi."

"Ni nic ce ba ni so?"

"To mi na na?"

"Baba..." Iyakar abin da ya iya fita daga bakina ke nan.

Da ya sake magana, muryarsa ta yi laushi har na ji kamar in toshe kunnuwana.

"Ran Asabar za su dawo, Surayyata. In kinka sake cewa a dakata, ba su ƙara takowa. Ni kuma ban iya tsallake maganar Inna."

Ya tayar da babur ɗinsa ya tafi. Na bi shi da ido har ya sha kwana.

Babana shi ne Malam Mode marubuci. A Rabah ya fara, yana malamin firamare, lokacin da ya tsara wa ɗalibansa wani ɗan wasa a kan masuncin da ya yi fushi da gulbi. Daga nan sai littattafan soyayya, waɗanda mata ke ara wa juna daga Kwargaba har Rimawa har bangonsu ya yage. Daga baya ya koma wasannin rediyo, ya sake dawowa wasan dandali. Shi dai bai taɓa zama wuri ɗaya ba.

Sai ciwon ido ya cinye ganinsa, shekarar da Innata ta rasu. Tun daga nan na zama hannunsa. Yana faɗa ina bugawa, in karanta masa ya ji. Cikin littattafai na tashi, su na fi sabawa da su. Mutane kuwa tsoro suke ba ni, ko cinikin tumatir ban iya ba.

Baba yana da wata al'ada ta aiki. Ba ya yarda da magana a wasa sai ya ji ta daga bakin mai rai. Yakan tara 'yan wasa a gindin mangwaron tsakar gidanmu, ya sunkuyar da kai yana saurare. In magana ta fito ba daga zuciya ba, sai ya buga sandarsa a ƙasa. Ƙwas!

"Ƙarya ta! Mutum bai magana haka."

A gindin mangwaron nan na fara jin muryar Musaddiƙ, malamin makaranta daga Goronyo mai fitowa a matsayin jarumi. Muryar na fara so kafin in yi ƙarfin halin kallon fuskarsa. Ya taɓa ba ni labarin madatsar ruwan garinsu, wai da safe kamar sama ce ta gaji ta sauko ta kwanta a ƙasa, balbelu suna yawo a kanta. Tun ranar nake mafarkin ruwan nan. Ina tsaye a bakinsa da lalle a ƙafata, wani yana kiran sunana daga cikin jirgi... sai in farka in ji tarin Baba.

Ran Alhamis da hantsi Baba ya kira ni.

"Uwata, ɗauko kujera." Haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa na ci.

Ina fitowa na ga Musaddiƙ a kan tabarma. Gwaggo Mairo, ƙanwar Baba da ke zaune tare da mu, tana gefe tana tsince shinkafa, tana wani murmushi da ban gane ba.

Wasan da Baba ke shiryawa na makarantarsa ta farko ne a Rabah. Labarin wani tsoho mai fito ne da ido ya gaza masa, 'yarsa ke zama a goshin jirgi tana faɗa masa inda yashi yake. Sai wani saurayi daga ƙetare ya ce yana sonta. Ni na buga shi da hannuna, amma ban taɓa bari na yi tunaninsa ba.

"Mas'uda mai hitowa ɗiyar ta tahi biki," in ji Baba. "Ke za ki riƙe mata."

"Ni? Baba, ban iya ba! Kuma ba ka ba ni ƙarshen ba..."

"Ban san shi ba. Shi yas sa nik kira ku. Musaddiƙ, bismilla."

Musaddiƙ ya gyara murya, bai kalle ni ba.

"Ruwa ya kwanta, masoyiya. Ki zo mu ƙetare."

Na ce, "Ka tahi abinka. Ba ni sonka."

Ƙwas!

"Ƙarya ta. Sake."

"Ko akuyar can ba ta yarda ba," in ji Gwaggo.

Musaddiƙ ya maimaita, a hankali wannan karon.

"Ina sonka," na ce, "amma duk jin daɗina na duniya shi na in zauna ga ubana har..."

Ƙwas! Har kurciyoyin kan mangwaro suka tashi.

"Wagga ta hi waccan muni! Irinta nir riƙa rubutawa ina saurayi. Mata na ta kuka, uwarki na yi mani dariya, tana cewa ban san mata ba. Sake!"

"Baba, don Allah..."

"Sake, Uwata."

Musaddiƙ ya ɗago. Idanunsa sun yi ja. Ya ajiye takardar wasan da ke hannunsa a kan tabarma.

"Ki zo mu ƙetare, Surayya."

Ban san lokacin da hawaye suka ɓalle mini ba.

"Tsoro nike ji! Ina son shi, Baba, wallahi ina son shi, kullum mahwalkin garinsu nike yi! Amma in nit tahi, labari yaz zo maka da sahe, wa za ka hwaɗa ma? Idonka ya tahi, Inna ta tahi... in ni ma nit tahi, sai ka yi shiru. Ni ban iya jin shirunka!"

Na rufe ido ina jiran sandar.

Ba ta sauka ba. Sai motsin ganye, da kukan kurciya ɗaya da ta dawo.

"Wanga shi na ƙarshen," Baba ya ce a hankali. Ya miƙo hannu yana lalube har ya sami kaina. "Uwata, 'yammata da yawa nis sa sunka yi ta jira cikin littahina. Takarda na iya ɗauka. Ke ba takarda ba ta."

"To wa zai..."

"Mairo ta koya mani inda aka danna waya a yi magana ta tahi. Ita da ka aika gulma har Kwargaba kullum."

"Gulma? Zumunci dai, Yaya!"

"In na aiko, ki buga can. Goronyo ba bangon duniya ba ta." Ya yi 'yar dariya. "Kuma kin daɗe kina gyara mani magana a ɓoye, kina zaton ban ji in kina karantawa. Naki ya hi nawa daɗi. Je ki rubuta naki."

Kunya ta kama ni, na cusa fuskata a cinyarsa ina kuka ina dariya.

"Kai kuma," ya juya wajen Musaddiƙ, "tashi ka hita. Daga yau suruki kake, ba ɗan wasa ba."

Musaddiƙ ya zabura, ya durƙusa, ya fita da takalmansa a hannu. Gwaggo ta rangaɗa guɗa har shinkafarta ta zube.

Ran Asabar kawunnansa suka zo. Ba wanda ya ce a dakata.

Yanzu daga tagar ɗakina a Goronyo ina hango ruwan nan, kuma gaskiyar Musaddiƙ ne, sama ce ta kwanta a ƙasa. Kowace safiya saƙon Baba yana shigowa, muryarsa da kukan kurciyoyi a bayanta. Safiyar farko, da na gama karanta masa abin da na buga, sai na ƙara da cewa, "Baba, kak ka damu da ni. Ko kaɗan ban jin kewar gida."

Ba a jima ba amsa ta shigo. Na danna, na kara a kunne.

Babu magana a ciki. Ƙwas! kawai, sai dariyar Gwaggo Mairo daga nesa.