Sallama a Minti na Arba'in da Ɗaya

Ranar Alhamis da hantsi Dakta Mahfuzu ya faɗo kwamisariyar 'yan sanda ta Buza ko sallama bai ƙarasa ba. Malamin jami'a ne, ɗan garin, ya zo hutu gida. Ansipekta Maiguwa ya tura masa kujera, don ya daɗe da lura cewa mai ilimi in ya fusata, sai ya zauna ake gane abin da yake faɗa.

"An sace mini rikoda," in ji Dakta. "Darasi goma sha biyu na cikinta, da muryoyin tsohin manoman ƙasar Adar da na yi shekara tara ina ɗauka, kan yadda sunka raya faƙo da ramukan tassa masu tara ruwan sama da jeren duwatsu. Littahin da nike rubutawa ke nan. Jiya na iske shi dut bisa intanet, kyauta."

"Wa kake zargi?"

"Munira. Ita ta buɗe shahin da ɗalibai ka zuba darussa. Ita da abokin karatunta Tasi'u sun zo gaishe ni ran Lahadi, tun ranar ban koma ganin rikodar ba. Na riga na rubuta ma jami'a. Litinin kwamitin ladabtarwa za shi zamna, a kore ta."

Maiguwa ya ƙirga da yatsu. Kwana huɗu. Abin ya sosa masa rai: yarinya a shekararta ta ƙarshe, an yanke mata hukunci kafin a tambaye ta ko sunanta.

Da azahar aka kawo Munira, siririya, idonta ya yi ja amma bakinta bai mutu ba.

"Kin shiga ɗakin karatun Dakta ran Lahadi?"

"Ban shiga ba."

"Matarshi Furera ta gan ki."

Ta sunkuyar da kai. "Littahi na maida, Ansipekta. Tsoro ya sa na ƙi hwaɗi."

Sai ta miƙo wayarta. Darasi sama da ɗari ne a shafin, na 'yan ƙauye waɗanda ba sa samun wurin zama a aji, da waɗanda aikin gona ke riƙewa. Kowanne da muryarta yake farawa: kwanan wata, sunan malami, sannan "da izininshi". Goma sha biyun nan na Dakta kuwa kai tsaye suka fara, ba kwanan wata ba izini.

"Wa ke da kodin shiga shahin ban da ke?"

"Tasi'u. Amma ya ce ya mance shi tun bara."

Maiguwa ya hau mota sai Tamaske. Ya tarar da Tasi'u a gaban shagon mahaifinsa, saurayi mai fara'a da yawan "ranka shi daɗe".

"Ni tun Lahadi ban hita Tamaske ba," in ji shi. "Kuma wannan rikodar mi mutum za ya yi da ita? Tsohuwa ta, ko kebul ɗinta ba a samu yanzu."

"Ka duba ta da kyau ke nan."

"A'a, hange na yi daga nesa."

Maiguwa ya yi murmushi. Mai hange daga nesa ba ya sanin ramin kebul. Amma murmushi ba hujja ba ne, don haka ya yi masa sai an jima.

Maganar kebul ɗin ce ta bi shi har Buza. In ba a iya haɗa rikodar da waya, to ɓarawon kunna ta ya yi, ya ajiye wayarsa kusa, ya sake ɗauka. Duk abin da ya yi motsi a ɗakin nan ya shiga. Bayan sallar Juma'a Maiguwa ya kulle ƙofar ofishinsa, ya toshe kunnuwa da abin saurare, ya zama ɗalibin ƙarfi da yaji. Ya sha bayanin faƙo har ya ji zai iya cin jarrabawa.

A darasi na bakwai, minti na arba'in da ɗaya, wani tsoho na cikin bayanin yadda ake zuba taki a ramin tassa, sai muryar wata tsohuwa ta ratso daga waje.

"Salamu alaikum."

Sannan wani ya amsa ƙasa-ƙasa: "Wa alaikumus salam, Kaka."

"Muryar wa nika ji? Ba maigidan nan ba na?"

Daga nan aka yanke, aka ci gaba. Maiguwa ya buga tebur don daɗi. Mutum ya iya sata, ya iya ƙarya, amma tarbiyya ta hana shi barin sallamar tsohuwa a ƙasa.

Ya kira Dakta ya kunna masa. "Wane tsoho na wanga?"

"Alƙasim na Garhanga. Ya rasu shekara huɗu ke nan."

"To shirya, gobe za mu gaida matarshi."

Ya buga wa jandarmomin Keita ya sanar da su, tunda yankinsu ne. Asabar da safe suka isa Garhanga. Gidan marigayin ba ya ɓata, kowa ya nuna. Tsohuwa Hindatu ta shimfiɗa musu tabarma, ta kawo fura, ba ta ma tambayi abin da ya kawo su ba.

"Inna, kwanan nan kin ji muryar maigidanki?" in ji Maiguwa.

Fuskarta ta washe. "Na ji, ɗana! Ran Talata, daga ɗakin can. Na aza mahwalki na. Ɗan ɗiyata na ya zo da ita cikin ɗan akwati. Ga shi ma ciki, jiya da marece ya komo. Tasi'u! Hito ka gaida baƙi."

Tasi'u ya fito. Fara'ar Tamaske ta tsaya can Tamaske. Ya dubi Dakta, ya dubi ansipekta, ya koma ciki da kansa ya ɗauko rikodar daga cikin ƙwaryar kakarsa.

"Ni na ɗauka," ya ce. "Tun ina aji ɗaya nika roƙonka, Malam, ka ba mu muryar kakana, kana cewa sai littahi ya hito. Shekara tara kana aikin littahi guda! Shi ya mutu, ita ko ga ta nan tana tsuhwa. Ilimin nashi na, a gonarshi anka ɗauke shi."

"Wannan tsakaninka da malaminka ne, kuma kana da bakin magana," in ji Maiguwa. "Amma muryar kakanka minti ashirin ce, kai ka watsa aikin mutum gaba ɗaya. Kuma ka san jibi za a kori Munira?"

"Na sani."

"Ka yi shiru?"

"Na ji tsoro."

"Wannan shirun ya fi satar muni. Shiga mota."

Sai a lokacin Hindatu ta fahimta. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙa wa jikan nata komai ba. Ta dubi Dakta ta ce, "In kun tahi da yaron, ku bar mini muryar."

Dakta Mahfuzu, mutumin da ya cika kwamisariya da faɗa shekaranjiya, ya sauke kai ƙasa. Kunya ta rufe shi. Ya durƙusa gabanta ya ce da kansa zai kawo mata, kuma sunan mijinta zai hau bangon littafin. Sannan ya ciro waya ya kira jami'a a nan tsakar gida, ya janye takardarsa.

Da suka iso Buza, Munira na zaune a bencin kwamisariya tun safe. Ta ga an fito da Tasi'u daga mota, ɗan sanda riƙe da damtsensa. Ya buɗe baki zai yi magana, ta kau da kai, aka wuce da shi ciki.

"Litinin ba kwamiti," in ji Maiguwa. "Koma ki gama karatunki."

Ta share ido da gefen hijabi. Kafin ta tashi daga bencin ta canza kodin shafin, ta fara goge darasi goma sha biyun. Da ta zo kan na bakwai sai yatsanta ya tsaya, ta ɗago ta dubi Dakta.

"Yanke minti ashirin ɗin tsohon ki bar su," ya ce. "Ki sa muryarki a farko yadda kika saba. Da izinin Hindatu."